Tambaya da Amsa: Wasan Noma a Waya da Kwamfuta, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Tambaya: Abokaina sun dame ni da zancen Stardew Valley, wai in saya. Na leƙa na ga shuka ne kawai da ban ruwa da kiwon kaji. Mene ne abin daɗi a ciki, kuma me zai sa in biya kuɗi alhali ga irinsa kyauta?

Malam, daɗin yana cikin yadda aiki ke biyan mai shi. Ka gāji gona cike da duwatsu da kututture da ciyawa, an ba ka iri 15 da kuɗin wasa 500. Ka share, ka shuka, bayan kwana 4 ka girbe ka sayar. Ba mai korarka, ba wanda zai ci ka da yaƙi. Rana ɗaya a wasan, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 2 na dare, kusan minti 14 ce a agogonka, shi ya sa mutum ke ta cewa bari in ƙara kwana ɗaya. Bayan noma akwai kamun kifi, haƙar ma'adinai, da mutanen gari da kake sabawa da su a hankali ta hanyar gaisuwa da kyauta. Mutum ɗaya ne, Eric Barone, ya yi zanen da kiɗan da labarin da komai, ya kwashe fiye da shekara 4 kafin ya fitar da shi a 2016. Zuwa ƙarshen 2024 an sayar da kwafi sama da miliyan 41.

Batun kyauta kuwa, ka duba agogo. A Hay Day, na kamfanin Supercell da ya fito a 2012, amfanin gona yana nuna ne da lokacin duniya na gaske, sai ka jira ko ka kashe lu'ulu'u, wanda in ya ƙare da kuɗi ake sayensa, kuma sai da intanet. Stardew Valley sau ɗaya ake biya, babu talla, babu saye a ciki, yana aiki ba data, kuma in ka rufe shi wata guda gonarka tana nan yadda ka bar ta. Mai neman hutu na gaske, wannan muke ba shi shawara ya saya.

Tambaya: Na saya, amma kullum kafin tsakar rana ƙarfin ɗan wasana ya ƙare, kuɗi ba sa taruwa, kuma wata safiya na tashi na tarar shukata duk ta bushe. Ina kuskuren?

'Yar'uwa, matsala uku kika haɗa. Ta farko haɗama ce wajen shuka. Ana farawa da ƙarfi 270, kuma kowace zuba ruwa ko saran fartanya tana cin 2. In kin shuka gurbi 80, ban ruwa kaɗai ya cinye 160 kullum, kaɗan ne ya rage na sare itace ko shiga ramin ma'adinai. A makonnin farko ki tsaya tsakanin gurbi 20 zuwa 40, sai ki faɗaɗa in kin samu na'urar yayyafa ruwa. Ta farko, wadda ake buɗewa a mataki na 2 na ƙwarewar ɗan wasa a noma, gurbi 4 kawai take jiƙawa, ba ta da wani tasiri sosai. Ta mataki na 6 tana jiƙa 8, ita ce ke sauya rayuwar gona. Ta mataki na 9 kuwa 24.

Bushewar shuka daga kalanda take. Shekarar wasan zango 4 ce, kowanne kwana 28, kuma ranar da zango ya juya duk abin da ba na sabon zangon ba ne yakan mutu, sai 'yan kaɗan irin masara da ke ƙetare biyu. Kafin ki sayi iri ki karanta kwanakinsa: farin kabeji kwana 12 yake ɗauka, in kin shuka shi ranar 20 kin yi asarar kuɗinki. In kuma shuka ɗai-ɗai ce ke ɓacewa, hankaki ne. Suna fara zuwa da zarar shukarki ta wuce 15. Ki kafa mutum-mutumi, ana haɗa shi da itace 50, gawayi 1, da zaren ciyawa 20.

Sai kuɗi. Kada ki yi saurin gina akurki: kuɗin wasa 4,000 ne da itace 300 da dutse 100, kaza ɗaya 800, ƙwai kuma ba ya mayar da wannan da wuri. Ki fara da jaka mai gurbi 24 a 2,000, domin ta farko 12 kawai take ɗauka. In lokacin kiwo ya yi, rumbun ciyawa ake fara ginawa, in ba haka ba sayen harawa zai cinye ribar a lokacin sanyi. Maƙeri kuma kwana 2 yake riƙe kayan aiki in an kai masa don ya inganta su. Ki kai masa butar ban ruwa ranar da talabijin ya ce gobe za a yi ruwa, bayan kin gama ban ruwan safe. Ki kuma kwanta kafin 2 na dare, don in barci ya kayar da ke a waje za a iya cire miki kashi 10 cikin 100 na kuɗinki, har zuwa 1,000.

Tambaya: A waya zan saya ko a kwamfuta?

Na waya ya fi araha kuma abin da ke ciki kusan ɗaya ne, sai dai kamun kifi da faɗa a rami suna wahala a ƙaramin allo. In kana son yin gona ɗaya da wasu, kwamfuta ce, tana ɗaukar har mutum 8 tun sabuntawar 2024, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana jansa. Ka sani a kwamfuta wasan ba ya adana abin da ka yi sai ɗan wasan ya kwanta. In ka kashe da rana, aikin ranar ya tafi.

Tambaya: 'Yata mai shekara 8 nake son saya wa. Ya dace?

Malama, hukumar tantance wasanni ta Amurka ta sanya shi na 'yan shekara 10 zuwa sama. Akwai mashaya a garin, ana iya haɗa giya, akwai gidan caca can gaba, akwai neman aure, ga dodanni a rami. Kuma hira rubuce take, sai yaro mai iya karatu. Ki fara buga shi da kanki na mako ɗaya na wasan, kusan awa biyu ke nan, kafin ki yanke. In akwai na'urar wasa ta Nintendo Switch a gida, Animal Crossing: New Horizons na 2020 ya fi sauƙi ga mai shekarunta, ko da yake shi ado da tara kaya ya fi yawa a cikinsa, noma kaɗan ne, kuma yana tafiya ne da agogon gaske, don haka in ta buɗe da tsakar dare shagon cikinsa a rufe za ta same shi.