Ni na rubuta labarin, sunan wani ya fito a allo

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Daura. Na yi wata biyar ina rubuta labarin fim, na miƙa wa wani furodusa. Fim ya fito, an canja sunayen mutanen ciki da ƙarshen labarin, ni kuma ko a wajen godiya babu sunana. Dubu goma kawai ya ba ni wai kuɗin mota. A ƙasashen da fim ya ci gaba ma haka ake yi wa marubuci, ko in haƙura da harkar?

Amsa: Ƙanena, sannu. Na san zafin nan, don ni ma na taɓa zama a shagon wani tela a Ƙofar Kaura ina jin wasan kwaikwayon da na rubuta yana fita a rediyo, mai gabatarwa ya jero sunaye har da na mai haɗa sauti, nawa shiru. Telan ya ɗago kai daga keke ya ce, "Malam, ba naka ba ne wannan?" Na ce masa ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ana yi a can ma. Bari in ba ka labarin John Ridley, baƙar fatar Amurka, haifaffen Milwaukee. Da barkwanci a kan dandamali ya fara, daga nan ya shiga rubuta wasannin ban dariya na talabijin, irin su Martin da The Fresh Prince of Bel-Air, inda marubuta ke zama ɗaki guda suna ta jefa zance har a samu na ɗauka. Ya rubuta labarin wasu sojojin Amurka da ke farautar zinariya a lokacin yaƙin Tekun Fasha, kamfanin Warner ya saya. Darakta David O. Russell ya ɗauki ƙashin labarin ya sake rubuta nasa, fim ya fito a 1999 da sunan Three Kings. An yi ta ja-in-ja har a jaridu. Abin da Ridley ya samu shi ne a rubuta cewa labarin nasa ne, amma tsarawa ta Russell ce. Ka ga kamar yadda finafinanmu ke raba "labari" da "tsarawa".

Bambancinku da shi ɗaya ne, kuma babba ne: shi yana da takardar ciniki. Sannan a can marubuta na da ƙungiya mai haƙora, WGA. In rigimar suna ta tashi, sai a ba wasu marubuta uku duk rubuce-rubucen da aka yi, a ɓoye sunayen masu su, su karanta su yanke wanda ya cancanta. Ƙungiyar ce ta yi yajin aiki na kwana 148 a 2023 har harkar fim ta tsaya cik.

Ridley bai ajiye alƙalami ba. Ya ɗauki littafin Solomon Northup na 1853, labarin ɗa mai 'yanci da aka sace aka sayar bawa, ya mayar da shi 12 Years a Slave, ya ci kyautar Oscar ta rubutu a 2014. Shi ne baƙar fata na biyu da ya ci ta, bayan Geoffrey Fletcher a 2010. Abin da ya fi burge ni dai ba kyautar ba ce. A 2015 ya ƙirƙiri American Crime a tashar ABC, kuma a talabijin ɗin Amurka marubucin da ya kafa shiri mai dogon zango yakan zama shi ne uban tafiya, darakta na bin bayansa. Yanzu da masu dogon zango suka cika YouTube a wajenmu, furodusa na buƙatar mai rubuta masa shiri mai kashi hamsin fiye da yadda kai kake buƙatarsa.

Don haka kada ka haƙura, amma kada ka sake miƙa labari hannu da hannu bisa "ai mun san juna". Ka tura wa kanka ta imel tukuna don kwanan wata ya zauna, ka yi masa rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya in da hali. Taƙaitawar shafi ɗaya kawai za ka nuna wa furodusa. In ya ce yana so, ku rubuta kuɗi da yadda sunanka zai fito a allo, ku sa hannu gaban shaidu biyu. Wancan furodusa na farko kuma, in kana da littafin da ka fara rubutawa a ciki, ka ɗauka ka je da wani babba da yake jin nauyinsa, ku nemi a sa sunanka a kashin da ke tafe.