Tambaya da Amsa: Su ma ƙananan 'yan fim ɗin suna samu kuwa?

TAMBAYA: Salam Malam. Don Allah waɗannan da muke gani kullum a fim suna fitowa a matsayin maigadi ko uwar miji ko liman, mun san fuskarsu amma ko sunansu ba mu sani ba, wai su ma suna da kuɗi kamar manyan jarumai? Muna ta musu da mijina. Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. In mijinki ne ya ce ba su da shi, to ya fi ki gaskiya. Yawancinsu ba albashi suke ɗauka ba, sallama ake yi musu, wato a kira mutum a waya a ce gobe akwai aiki, ya zo lokeshan tun safe da kayan sawarsa a leda, ya zauna a inuwa yana jiran a zo kan sin ɗinsa wani lokaci har la'asar, ya yi fitowa biyu ko uku a damƙa masa abin da ya samu, shikenan an rabu. Ko fim ɗin ya yi shekara biyar ana haska shi babu ko sisi da zai sake shiga aljihunsa.

Kin tuna rigimar 2022? Hajiya Ladin Cima, wadda ake kira Tambaya, ta faɗa a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa cewa dubu 2 zuwa dubu 5 ake ba ta in ta yi aiki, ga shi ta tsufa a harkar tun zamanin diramar talabijin. Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi suka fito suka ce su dai sun biya ta fiye da haka, Naziru Sarkin Waƙa kuma ya goyi bayanta, gari ya ɗauka. Ni abin da ya tsaya min a rai a lokacin shi ne babu wanda ya iya fito da takarda ya ce ga yarjejeniyar da muka sa wa hannu, don ba a yin ta, komai da baki ne da kunya da "Hajiya ki yi haƙuri da wannan". Shi ya sa in ciwo ya zo sai ki ga bidiyon dattijo yana neman taimako. Baba Ƙarƙuzu na Jos da ya shekara da shekaru yana ba mutane dariya sai da ya kai ga haka, har ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida, Allah ya jiƙan Baba Ƙarƙuzu ya rasu a 2025. Wallahi abin yana min ciwo, don waɗannan mutanen su ne gishirin fim, cire uwar miji da maigadi ki ga ko labarin zai tafi.

Kuma rushewar kasuwar kaset da CD ta Ƙofar Wambai a Kano ta ƙara dagula lissafi, a da furodusa yana sakin fim ya ga kuɗinsa a hannun 'yan kasuwa, yanzu sai ya jira YouTube ko tashar talabijin, in ya matsu kuma kuɗin ƙananan yake fara yankewa.

TAMBAYA: Yaya ni ɗan Damagaram ne, ina son shiga fim ko da ƙaramin rol ne. Wani a Facebook ya ce in turo kuɗin fom zai haɗa ni da darakta. In tura?

AMSA: Kar ka tura ƙanena. Mai neman ɗan wasa shi ke biya, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa ka a fim cinye maka zai yi. In da gaske kake ka fara da ƙungiyar dirama ta garinku, Kannywood ɗin kanta daga nan ta taso, ƙungiyar Tumbin Giwa ce ta yi Turmin Danya a 1990 a Kano. In ka zo Kano akwai rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, akwai kuma ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN, ka bi ta nan. Sannan don Allah kar ka saki sana'arka, da yawa cikin waɗanda kake gani a allo tela ne ko ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati, da ita suke ci da iyali. Kuma kafin a kunna kamara ka tambayi nawa ne, ba rashin kunya ba ne.

TAMBAYA: Me ya sa wanda ya fara fitowa a boka ko ɗan daba sai ya dawwama a haka? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Malam ai sauƙi daraktoci suke nema, lokaci kaɗan ne kuɗi kaɗan ne, wanda aka san ya iya boka ba sai an tsaya koya masa ba, sai kawai a kira shi. Shi kuma ba ya iya cewa a'a don kar gobe a daina kiransa. Har a unguwa abin yana bin su, yara su riƙa tsokana, wani ma in ya je neman aure sai an yi ta bayani. Amma fina-finai masu dogon zango sun ɗan canza abin, dubi Daɗin Kowa na Arewa24, Ɗan Azumi Baba ya daɗe a harkar amma yau ko'ina ka shiga Kamaye ake ce masa, saboda an ba shi fili mako bayan mako ya nuna abin da ya iya.