Amsa ga ɗalibin da abokin ɗakinsa ya daina salla

Assalamu alaikum. Ƙanina, na ga tambayarka tun shekaranjiya: abokin ɗakinka a jami'a ya daina salla, yana cewa shi yanzu kimiyya da hankali yake bi, kai kuma kana son sanin me ke sa wasu su riƙe addini wasu su sake shi. Masu cewa "Allah ya shirye shi" sun kyauta. Masu cewa ka tattara kayanka ka canza ɗaki kuwa, ban san me suke tsoro ba. Ni ba malamin addini ba ne, fiziks na koyar a sakandare shekara 24, don haka abin da idona ya gani kawai zan faɗa maka.

Ranar Laraba 29 ga Maris, 2006, ina koyarwa a Gusau. Tun makonni kafin nan na shaida wa ɗalibaina cewa za a yi kusufin rana da hantsi, gari zai yi duhu na 'yan mintoci. Da tocila da lemo da ƙwallo na nuna musu yadda wata ke shiga tsakaninmu da rana. Ranar ta zo, haske ya dushe, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, masallatai suka cika. Ni da na san lissafin abin, sai da tsigar jikina ta tashi, kuma da ni aka yi sallar kusufi.

Akwai wani yaro a ajina, mai kaifin kai. Da yamma ya je ya tambayi wani babba a gidansu, wanda ya ce zunubin mutane ne ya jawo duhun: "To in fushi ne saboda zunubi, yaya malaminmu ya san rana da lokaci tun wata guda?" Amsar da ya samu mari ne, da "boko ya fara lalata ka". Bai ƙara tambayar kowa komai ba. Bayan shekara goma sha wani abu ya turo mini saƙo a Facebook, ya ce shi ya daɗe da sauka daga motar addini. Da na tambaye shi mafarin abin, bai kawo mini Darwin mai nazariyyar juyin halitta ba, marin nan ya kawo.

Abin da ke ƙona mini rai, amsar yaron tana nan a cikin addinin. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu an yi kusufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, shi da kansa ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Suratur Rahman ta ce rana da wata a kan lissafi suke. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi ƙarara cewa mai musun lissafin kusufi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, domin wanda ya ga lissafin ya tabbata ba zai yi shakkar lissafin ba, abin da aka ce ya ƙaryata shi zai yi wa shakka. Shekara ɗari tara ke nan da faɗar wannan, har yau muna marin yara.

Sai kuma masu yi wa addini ado da ƙarya. Muna yara an gaya mana cewa Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata ya musulunta. Mutumin ya musanta, ofishinsa ya musanta, amma har gobe za ka ji labarin a bakin mai wa'azi. A da ana wucewa da shi lafiya. Yanzu yaro da data ɗin naira ɗari biyu zai gano gaskiya kafin a shafa fatiha, daga nan kuma ya fara tambayar kansa sauran me da me aka shirga masa. Addinin da ke da ƙafarsa me zai yi da sandar aro?

Kada ka ɗauka duk wanda ya bari rauni ne aka yi masa. Ina da aboki likita, ba Bahaushe ba, da muka yi hidimar ƙasa tare. Ba wanda ya taɓa marinsa. Ya zauna ne ya yi tunani ya ce shi bai gamsu ba. Hujjarsa biyu: wahalar jarirai da yake gani a asibiti, da kuma cewa da a Indiya aka haife ni da wataƙila da wannan ƙarfin zuciyar nake kare wani addinin. Mun shekara talatin muna wannan musu, ban ba shi amsar da ta ishe shi ba, shi ma bai ba ni ba. Ba ya cin amana, ba ya karɓar na goro. Faɗar hakan ba ta rage mini imani da komai. Akwai kuma kashi na uku, 'yan yayi, waɗanda suka kalli bidiyo biyar a YouTube suka fara cewa "kimiyya ta tabbatar". Ka ce su faɗi dokokin Newton guda uku, sai sosa ƙeya. Kimiyya aikinta awo da gwaji da maimaita gwajin, ba ta da ma'aunin da za ta ɗora samuwar Allah a kai ta ce eh ko a'a. Wanda ya ce ta yanke hukunci a nan, ra'ayinsa ne ya sa wa farar riga.

In an kawo maka misalin Turawa da suka juya wa coci baya, rigimarsu tana da tarihinta: shari'ar da coci ya yi wa masanin taurari Galileo a 1633, da yaƙin shekara talatin da ya faro da rikicin Katolika da Furotesta, daga 1618 zuwa 1648. Amma ko a can, Georges Lemaître da ya kawo bayanin faɗaɗuwar sararin samaniya a 1927 limamin Katolika ne ɗan Beljiyam.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya riƙe ni, tunda ka tambaya har da masu riƙewa.

Mun yi aure ba mu yi gwajin jini ba, lokacin ba a damu da shi ba. Ashe ni AS, maiɗakina AS. Kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da sikila. Wannan lissafin ya samo asali ne daga aikin Gregor Mendel, wani malamin coci da ya yi shekaru yana auratar da waken turawa a lambu ya buga sakamakonsa a 1866. 'Yarmu ta biyu ita ta faɗo a ɗayan nan. Tsofaffi suka ce mayu ne, wasu suka ce iska, aka kawo hayaƙi da rubutu da sunan wani mai magani a ƙauye. Na ƙi, har muka ɓata da gwaggona. Na san abin da ke faruwa a jikinta: ƙwayoyin jini suna lanƙwashewa kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyi, ƙashi ya ɗau ciwo. Asibiti muka riƙe, ƙarin jini, ƙarin ruwa, maganin zazzaɓi. Da izinin Allah wannan ne ya kai ta shekara tara.

Daren da muka dawo daga maƙabarta, babu abin da ban sani ba game da dalilin mutuwarta. Zan iya zana shi a allo. Amma sanin nan bai zauna da ni a tabarma ba. Maƙwabta ne suka zauna, kwana uku, suna shigowa da kwanon abinci suna cewa "Allah ya sa mai ceto ce". Na yi sujada a daren nan na faɗi maganganun da ban taɓa faɗa wa mutum ba, kuma na ji a raina cewa ana ji na. Ba zan iya gwada maka wannan a ɗakin gwaji ba, ban kuma ce hujja ce a kanka ba. Charles Darwin ya rasa 'yarsa Annie a 1851 tana da shekara goma, kuma da yawa daga masu rubuta tarihinsa suna ganin rasuwar ta ƙara nisanta shi da coci. Sara ɗaya aka yi mana, shi ya yi gabas na yi yamma. Tun da na san wannan na daina saurin zagin kowa.

Yarana dai na gaya musu, ba mai kawo mini maganar aure sai da takardar gwaji a hannu. Wani kawu ya ce ina gudun ƙaddara, na tuna masa da Sayyidina Umar lokacin da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Game da abokin naka: kada ka kai ƙararsa, kada ka yaɗa shi a zaure, ka san yadda garinmu yake, magana ɗaya tana iya jawo abin da ba za ka iya mayarwa ba. Ku ci gaba da dafa taliyarku tare. Ka tambaye shi yaushe abin ya fara, ka yi shiru ka saurara har ya gama. In ya kawo abin da ba ka da amsarsa, ka ce sai ka bincika, kada ka ƙirƙira. In za ka haɗa shi da malami, nemo wanda ba ya tsorata da tambaya, akwai su.

Ranar 2 ga Agusta, 2027 akwai wani kusufin, cikakkensa zai ratsa ta Luksor a Masar da Jidda da Makka, mu a nan Arewa wani sashe za mu gani in hadarin damina ya bari. Ku nemi tabarau na musamman tun da wuri, baƙin gilashin kasuwa ba ya kare ido. Ina da guda biyu a durowa, in ba ku samu ba ka yi mini magana.