Waƙar da ta tsone muku ido a bidiyon bikin

Yaya, saƙonka ya iso, har da na Hajiya Babba da ke tambaya ko har yanzu muna salla a Ingila. Cikin bidiyon bikin gaba ɗaya ba abin da kuka riƙe sai wurin da zauren ya ɗauki ihu, ango da amarya da tsofaffin Turawa suna tsalle suna rera waƙa ɗaya. To bari in gaya maka ko wace waƙa ce.

Sunanta Mr. Brightside, ta wasu mawaƙa huɗu 'yan Las Vegas ta Amurka da ake kira The Killers. Kiɗan jita ne da ganga mai ƙarfi, irin na samarin Turawa. Da farko mutanen ƙasarsu ba su kula su ba. Wani ƙaramin kamfani a Landan, Lizard King, shi ya fara fitar da ita a Satumbar 2003, faifai 500 kacal, ta wuce ba wanda ya san ta fito sai ɗaiɗaiku. A Mayun 2004 aka sake fitar da ita, gab da fitowar kundinsu na farko, Hot Fuss, sai ta hau mataki na 10 a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. A 2005 ta kai na 10 a jerin Billboard na Amurka. Iyakarta ke nan, ba ta taɓa yin ta ɗaya ba.

Amma ta ƙi tafiya. Jerin nan na Birtaniya duk mako ake sabunta shi, waƙa 100, yawancinsu su yi 'yan makonni su ɓace. Tun 2014 aka fara lissafa sauraron da ake yi ta intanet, ba sayen faifai kaɗai ba, sai ta dawo ta zauna daram. Ta haura mako 400 a ciki, ba waƙar da ta kai ta daɗewa. A 2024 ta ture waƙar Wonderwall ta mawaƙan Oasis, 'yan garinmu Manchesta, ta zama wadda ta fi kasuwa a duk waƙoƙin da ba su taɓa hawa na ɗaya ba. Maƙwabcina har yau bai huce ba.

Abin da ya riƙe ta biki ne da shagalin ɗalibai da taron 'yan kallon ƙwallo. A nan DJ ya tashi biki bai saka ta ba, kamar a ɗaura aure a Kano ne ba goro. Abin dariyar, waƙar kishi ce: mai rera ta, Brandon Flowers, ya rubuta ta ne bayan ya tarar da budurwarsa da wani. Da ita suke rufe biki, ni ma ban gane hikimar ba.

Sai maganar da ba ka faɗa ba amma na ji ta a muryarka, wato don me yaron ya auri Baturiya. Yaya, a nan aka haife shi, a nan ya yi makaranta. Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa, kuma yaranmu tare suka tashi, kallon 'yan uwa suke yi wa juna. A masallaci aka ɗaura auren bayan azahar, da shaidu, aka biya sadaki lakadan, aka raba dabino da alawa. Matanmu sun kwana suna tuƙa tuwon shinkafa da suyar waina, uwar amarya ta ci miyar taushe har ta nemi ƙari. Duk wannan yana cikin bidiyon, kun tsallake. Shagalin dare na dangin amarya ne, kuma sun yarda ba a kawo giya ba, wanda a wurinsu ba ƙaramar kara ba ce.

Kuma ka tuna kakanmu da ya bi fataucin goro har Kumasi. Matarsa ta biyu ba Bahaushiya ba ce, Baba ya sha ba mu labarin yadda take lanƙwasa Hausa ana dariya, amma jikokinta na zango ba wanda ya isa ya ce musu ba Hausawa ba ne. Bikin da na halarta a gida zuwana na ƙarshe ma, DJ ne ya raba dare, har da liƙi, ban ji an tambayi kowa salla ba.

Inda nake da rauni shi ne harshe. Yaran suna jin Hausa sarai, sai dai su amsa da Turanci. Suna durƙusawa su gaida manya, azumi ba ya wuce su. Amma duk ranar da ɗayansu ya daure ya yi Hausa a waya, sai a kwashe da dariya a mayar da shi abin kwaikwayo, daga nan ya kama bakinsa. Angon yana shirin kawo matarsa ta gaida Hajiya Babba da ƙaramar salla, tana ta haddar gaisuwa. Don Allah ka ja wa yaran gidan kunne tun yanzu.