Hukuncin Sayen Taurari Biyar Don Tallata Masauki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙaramin gidan baƙi a Agege, yawancin masu sauka fatake ne daga Arewa. Wani baƙo ya rubuta a Google Maps cewa janaretonmu ya mutu da tsakar dare, ya kwana cikin zafi, ya ba mu tauraro ɗaya cikin biyar, wato maki mafi ƙanƙanta. Sai wani yaro ya ce in biya shi, zai sa mutane su yi ta yabonmu har ƙorafin ya nutse. An ce kowa a Ikko haka yake yi. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, bai halatta ba. Wanda bai taɓa kwana a ɗakinka ba, ya zo ya ce ruwan famfo na zuwa, wuta ba ta ɗaukewa, ya yi shaidar zur, kai kuma ka biya ladanta. Allah Ya ce a Suratul Hajji, aya ta 30, a nisanci maganar ƙarya.

Abin ma yana da ɗan'uwa a fiƙihun ciniki, wato najashi: mutum ya taya kaya da tsada, ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi na gefensa. 'Yan kara sun san wannan dabarar sarai. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya hana shi. Illar guda ce, domin matafiyin da ya sauka a Ikeja cikin dare, ya duba wayarsa, da taurarin nan zai yanke shawarar inda zai kai kuɗinsa. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Janaretonka shi ne danshin. Batun kowa na yi kuwa, yawan masu laifi ba ya mai da shi halal.

Shi baƙon, in gaskiya ya faɗa, ba giba ya yi ba. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka cuta damar bayyana kukansa. Ka amsa masa a ƙasan rubutun, ka ba shi haƙuri, ka faɗi gyaran da ka yi in ka yi ɗin. Kada fushi ya sa ka tona da wa ya zo ko yaushe ya fita, sirrin baƙo amana ce a wuyan mai masauki.

Roƙon baƙinka na gaskiya su rubuta abin da suka gani babu laifi, muddin ba ka yanka musu adadin taurari ba. Amma ragin kuɗi ko kyauta a kan haka, Google kansa ya hana a sharuɗɗansa, kuma ka amince da su lokacin da ka buɗe shafin. In wani ne ya yi maka ƙazafi, ka kai rahotonsa gare su a duba, kada ka rama a shafin maƙwabcinka. Wallahu a'alam.