Na Daina Cin Alkama, Amma Ciwon Ya Dawo: Ta Ina Gulutin Ya Shigo?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata takwas ke nan da aka tabbatar ina da cutar siliyak, wadda gulutin da ke cikin alkama ke lalata hanjin mai ita, bayan gwajin jini da na hanji. Tun daga ranar na yi sallama da burodi, taliya, biskit da kek, kuma na samu sauƙi sosai. Sai ga shi makon jiya ciwon ya dawo: amai, kumburin ciki, gudawa, da kasala har kwana uku. Abin da na ci a ranar shinkafa ce da gasasshiyar kaza da soyayyen dankali a wani gidan abinci. Ta ina gulutin ya shigo, kuma yaya zan gano shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Kada ki zargi kanki da sakaci, kusan duk mai wannan cuta sai ya gamu da irin wannan rana a shekararsa ta farko.

Shinkafa, kaza da dankali duk babu gulutin a cikinsu, kin yi gaskiya. Gulutin furotin ne da ke cikin alkama, sha'ir da hatsin rai kawai. Don haka abin bincike shi ne me aka zuba wa abincin, kuma me ya taɓa kafin ya iso gabanki. Da ni ce a teburin nan, kazar zan fara tuhuma. Masu dafa abinci da yawa suna jiƙa nama a ruwan soya sos kafin su gasa, kuma mafi yawan soya sos da alkama ake haɗa shi, duk da sunansa na waken soya. Wasu kuma suna barbaɗa wa naman ɗan fulawa don fatar ta yi ƙarau. Idan an ɗiga romo mai kauri a kai, to akwai yiwuwar fulawa ce ta ba shi kaurin. Shinkafar ma ba ta tsira daga zargi ba, domin akan dafa ta da dunƙulen ɗanɗano ko garin miya na leda, kuma wasu daga cikinsu akwai alkama.

Sai dankalin. Ki leƙa da idon zuci cikin kicin ɗin: tukunyar mai ɗaya ce tana tafasa tun safe, an tsoma kifi mai rufin fulawa, an tsoma kaza mai ɓarɓashin burodi, ga ƙananan gutsattsari suna yawo a saman man, sannan aka juye dankalinki a ciki. Wuta ba ta kashe gulutin. Mutane da yawa suna ɗauka kamar ƙwayar cuta ce da zafi zai gama da ita, alhali ko an ƙona burodi ƙurmus yana nan.

Za ki ce ɓarɓashi nawa ne zai kwantar da mutum kwana uku? Ƙa'idar da hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta shimfiɗa, wadda Tarayyar Turai da Amurka ke bi, ita ce ba a rubuta wa abinci "babu gulutin" sai abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Bincike ya nuna miligiram 50 a kullum yana lalata bangon hanjin mai siliyak cikin 'yan watanni, alhali yankan burodi guda ɗaya yana ɗauke da dubban miligiram. Ke nan abin da ya maƙale a bakin wuƙa ya isa.

Amma kada ki tsaya kan abincin ranar kaɗai. Ga masu siliyak, amai yakan zo bayan awa biyu zuwa huɗu, sauran alamun kuwa suna iya jinkiri har kwana ɗaya ko biyu. Ki ɗauki biro da takarda tun ba ki manta ba, ki rubuta duk abin da ya shiga bakinki cikin kwana uku kafin ciwon, har alawa, abin sha, da ɗanɗanen da kika yi daga farantin wani. Ki sa alama a kan duk abin da yake sabo: sabon kamfani, sabon kwali, ko tsohon kaya da aka sauya masa leda. Kamfanoni suna sauya kayan haɗi ba tare da shela ba, abin da kika ci lafiya bara yana iya zuwa da wani haɗi bana.

Daga nan sai karatun kwali, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. A rubutun Turanci, kalmomin da za ki nema su ne "wheat" (alkama), "barley" (sha'ir), "rye" (hatsin rai) da "malt". Wannan na ƙarshen shi ya fi yaudarar mutane, domin daga sha'ir ake yin sa, kuma yana cikin hatsin karin kumallo irin na masara da na shinkafa, da abubuwan sha masu zaƙi, da wasu cakulan, da wani nau'in binega. Alkama kuma tana da sunayen ɓoye: semolina, durum, kuskus, bulgur, spelt, duk ita ce. Ki duba tsiran nama na leda, dunƙulen niƙaƙƙen nama, haɗaɗɗen kayan yaji, da miyar gwangwani, inda ake sa fulawa don ƙara auki ko kauri. Dokokin ƙasashe ma sun bambanta. A Turai dole ne a fito da sunan duk hatsi mai gulutin ɓaro-ɓaro a jerin kayan haɗi. A Amurka kuwa dokar 2004 alkama kaɗai ta tilasta a ambata, sha'ir da hatsin rai ba sa ciki. Saboda haka "babu alkama" a jikin kwali ba ya nufin babu gulutin.

Hatsin ots shi kansa babu gulutin, sai dai gona ɗaya, mota ɗaya da injin niƙa ɗaya yake bi da alkama, don haka ki sayi wanda aka rubuta an tantance shi kawai. A ɗaya ɓangaren, akwai sunayen da ke tsorata mutane a banza: maltodextrin da ruwan gulukos ba su da haɗari ko da daga alkama aka samo su, saboda irin tacewar da suka sha. Ina faɗin wannan ne domin na ga masu tsoron komai har sun rame.

Gidanki ma ki bincike shi, musamman idan sauran iyali suna cin alkama. Na'urar gasa burodi, rariya, matatar taliya, cokalin katako mai tsagu, da kwalbar bota ko zuma da kowa ke tsoma wuƙarsa bayan ya shafa a burodi. Ki ware naki, ki ɗora abincinki a saman kanta, na alkama a ƙasa, don kada gari ya zubo. Magunguna ba kasafai suke zama sila ba, amma idan kin fara sabo a 'yan kwanakin nan ki tambayi mai harhaɗa magani irin sitacin da ke ciki. Man shafawa da sabulu ki kwantar da hankalinki, gulutin ba ya ratsa fata.

Ki kuma bar ƙofa a buɗe cewa wataƙila ba gulutin ba ne. Gurɓataccen abinci yana kawo amai da gudawa iri ɗaya, kuma hanjin da bai gama warkewa ba yakan kasa narkar da madara na wani lokaci. Idan kuwa wata rana kika ga ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi cikin mintuna bayan cin abinci, wannan alaji ne, ki garzaya asibiti nan take.

A yanzu ki sha ruwa sosai, ki ci abinci mai sauƙi da kika dafa da hannunki, babu maganin da ke wanke gulutin daga jiki. Kuskure sau ɗaya ba zai rushe warakar wata takwas ba. Idan alamun suka wuce mako biyu, ko suna ta dawowa, ki koma wurin likitanki a sake gwajin jinin tTG, wanda ake bibiyar siliyak da shi, kuma ki tafi da takardar nan da kika rubuta tare da kwalayen da kike zargi.