Tambayoyinku: Kwalbar "Bio" da Zoborodon Suna

Hajiya, wani Bature abokin aikin maigidana ya ba shi kyautar kwalbar jan ruwan inabi, an rubuta "bio" da hoton koren ganye. Maƙwabciyata ta ce tunda bio ne babu giya a ciki, amma hankalina bai kwanta ba. Daga Yantala, Yamai.

Ƴata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki buɗe. Giya ce. "Bio" maganar gona ce: an noma inabin ba takin zamani, ba feshin magungunan masana'anta. Tun 2012 Tarayyar Turai ta kafa ƙa'idar haɗa irin wannan giya, har da rage sinadarin da ke hana ta lalacewa. Amma tsimawar ɗaya ce, zaƙin inabi ya juye ya zama barasa. Duba jikin takardar, za ki ga 12%, 13% ko 14%. Ko wadda aka rubuta wa "désalcoolisé", wato an cire mata barasa, dokarsu ta yarda a bar har 0,5% a ciki. In ruwan inabi zalla kike so, nemi "pur jus de raisin". Maigida ya mayar masa da kayansa cikin mutunci, ya yi masa bayani.

Hajiya, ina aiki a wani otal, baƙi na tambayata abincin da ya dace da jar giya, ni kuwa ban san ɗanɗanonta ba. Daga Plateau, Yamai.

Ba sai ka ɗanɗana ba, ɗana. Tana da tsami, da ƙamshin ƴaƴan itace, da bauri irin na goro wanda ke fitowa daga fatar inabi da ƙwallonsa. Baurin nan shi ya sa masu shanta ke haɗa ta da nama mai maiƙo, gasasshen rago ko na sa. Da giwan ruwa ba ta shiri, yaji mai yawa kuma ƙara mata zafi yake. Ka kuma gaya wa mai otal kwalbar da ta sha zafin Afirilu a kan kanta ta riga ta lalace.

Hajiya, sunan jikata ya matso. In sayi zoborodo haɗaɗɗe ko in dafa? Daga Tawa.

Yaya, ki dafa! Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna da yakuwa a gonakinmu, amma yau sai a zuba garin kala da turaren kanti a ruwa, a danna suga, a ɗura a robobin da aka tsinto, Allah kaɗai ya san bakin wa suka fito, a ce bisap ne. Ƴaƴanmu su sha na dala goma, leɓe ya yi ja kamar an shafa, ciki ya ɗauka da dare. Kuɗin da aka yi tattali a kasuwa ya tafi kantin magani. Na gaskiya ja ne mai duhu, yana da tsami da ɗan bauri a ƙarshen harshe. Wanda ya yi ja wur, zaƙi kawai ba tsami, ki ajiye shi.

Ki sayi busasshen zoborodo ki shinshina. In yana warin rima ko kin ga farin fumfuna, ki wuce gaba. Ki wanke shi sosai saboda rairayi, ki tafasa da citta da kanumfari, na'a-na'a kuma sai an sauke. Kanwa tana kashe tsami amma tana dusashe launi, kada hannunki ya yi nauyi. Suga kaɗan-kaɗan, akwai tsofaffi masu ciwon suga a taro. Ranar za ki dafa, ko jajibiri in akwai firiji, don a zafin Tawa ba ya kwana a waje. Ki kawo shi da sanyi tare da naman suna ko kilishin Madawa, tsaminsa yana yanke maiƙo.

Hajiya, da gaske zoborodo yana ƙara jini tunda ja ne? Daga Bukoki.

Haba malam! Launi daban, jini daban. In kana jin jiri da kasala, je asibiti a auna ka.